Na'ura ba ta kifewa: Yadda ruwa ke gyara wa matuƙin kwale-kwale lokacinsa

A ƙarshen watan Yulin 2012, a tafkin Eton Dorney da ke yamma da birnin Landan, wani mutumin Jamhuriyar Nijar mai suna Hamadou Djibo Issaka ya shiga tseren kwale-kwale na gasar Olamfik. Shekarunsa 35 a lokacin, kuma a Yamai aikinsa kula da lambu da wurin ninkaya ne. Wata uku kacal ya yi yana koyon irin wannan tuƙi kafin a kai shi gaban gwanayen duniya. A ɗaya daga cikin zagayen da ya fafata, abokan karawarsa sun isa tuni har sun huta, shi kuwa yana can baya yana fama da filafilai, sai da ya cinye minti 8 da daƙiƙa 39 kafin ya kammala mita 2,000. 'Yan kallo suka yi ta yi masa tafi da sowa kamar shi ya zo na ɗaya. Wanda ya ɗauki zinare a ƙarshen gasar, Mahe Drysdale ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya yi wannan nisan cikin minti 6 da daƙiƙa 57.

Abin da ya ja hankalina a labarin shi ne wannan lokaci na Issaka. Akwai wata na'ura da ake ajiyewa a ɗakunan motsa jiki wadda ke kwaikwayon tuƙin kwale-kwale a kan ƙasa. Duk saurayi mai ƙoshin lafiya da ya ɗan yi makonni yana hawanta zai iya yin mita 2,000 cikin minti 8 da rabi ko ƙasa da haka. To ke nan saurayin ya fi Issaka? Ko kusa. Da za a ɗora shi a kan kwale-kwalen da Issaka ya hau, da wuya ya yi tuƙi goma bai faɗa ruwa ba.

Ƙannena, a kan wannan tazara da ke tsakanin na'ura da ruwa nake so mu yi magana a wannan makon, da kuma dalilin da ya sa matasa 'yan wasan nan da lokacinsu ya cije a kan na'ura suke komawa ruwa domin su gyara shi.

Ba irin na Argungu ba ne

Da farko mu bambance. Tseren kwale-kwalen da ake yi a bikin kamun kifi na Argungu, matuƙa gabansu suke kallo, kowa da filafilinsa a hannu, ba a ɗaure shi da jirgin ba. Wanda Issaka ya yi daban ne. Matuƙi baya yake ba inda za shi. Yana zaune a kan wata 'yar kujera mai taya da ke garawa gaba da baya, ƙafafunsa a ɗaure, filafilai kuma suna maƙale a wasu ƙarafa da suka fito daga gefen jirgin. Shi ma iri biyu ne. Akwai wanda kowane mutum ke riƙe filafili guda da hannu biyu, irin wanda jami'o'in Oxford da Cambridge suke fafatawa a kai tun 1829. Akwai kuma wanda mutum ke riƙe filafili biyu, ɗaya a kowane hannu. Wannan na biyun shi ne namu a yau, musamman na mutum ɗaya tilo.

Asalinsa ma ba na masu kuɗi ba ne. Masu fito ne na kogin Thames, waɗanda ke tsallakar da mutane a kan kuɗi, suka riƙa yin tsere a tsakaninsu. Akwai wata gasarsu da aka fara tun 1715 kuma har yanzu ana yin ta.

Kwale-kwalen mutum ɗaya na zamani ya kai tsawon mita 8, amma faɗinsa a saman ruwa bai wuce tsawon rular da ke cikin jakarku ba, wato wajen santimita 30. Dokar gasa ta ce nauyinsa kada ya gaza kilo 14, kuma masu ƙerawa ba su cika wuce hakan ba. Ku kwatanta: mutum mai kilo 70 ya ninka jirginsa sau biyar a nauyi. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Ita kuwa na'urar, wadda aka fi amfani da ita a duniya ta kamfanin Concept2 ce. Wasu 'yan'uwa biyu ne, Dick da Pete Dreissigacker, suka kafa shi a 1976 a Amurka, da farko filafilai suke ƙerawa. A 1981 suka fitar da na'urarsu ta farko, wadda suka haɗa da tayar keke. Dalilinsu mai sauƙi ne: a arewacin Amurka koguna daskarewa suke yi da hunturu, matuƙa su yi watanni ba su taɓa ruwa ba. Daga baya abin ya zama wasa mai zaman kansa, har aka fara gasarsa a birnin Boston a 1982.

Yadda take aiki ba wani boka a ciki. Kana jan mariƙi, mariƙi yana jan sarƙa, sarƙa tana juya fanka, iska kuma tana tauye fankar. Wani ɗan allo a gabanka yana auna yadda fankar ke ƙara gudu da yadda take raguwa, ya mayar da shi ƙarfi, ya mayar da ƙarfin nisa. Shi ke nan. Allon bai san nauyinka ba, bai san ko bayanka a tanƙware yake ba, bai san ko kafaɗarka ɗaya ta fi ɗaya ɗagawa ba.

Duk da haka wannan lambar tana da tasiri a rayuwar matasa da dama. Masu horar da ƙungiyoyin ƙasashe suna gwada 'yan wasa da ita. Jami'o'in Amurka masu ba da gurbin karatu saboda wasanni, cikin abubuwan farko da suke tambayar ɗalibi akwai lokacinsa na mita 2,000. Daƙiƙa biyar na iya raba yaro da gurbi. A 2018 Josh Dunkley-Smith ɗan Ostireliya ya kafa tarihi da minti 5 da daƙiƙa 35.8, a 2021 kuma Brooke Mooney 'yar Amurka ta kafa na mata da minti 6 da daƙiƙa 21.1. A kan ruwa kuwa, Robbie Manson na Niyu Zilan ya kafa tarihin mutum ɗaya a 2017 da minti 6 da daƙiƙa 30.74. Kun ga kusan minti guda ke nan tsakanin tudu da ruwa.

Lissafin da ke karya gwiwa

Masu son Fiziks, ga naku. An tsara na'urar ne ta bi ɗabi'ar ruwa: ƙarfin da ake buƙata yana hauhawa ne da gudu sau gudu sau gudu. Ma'ana idan kana so ka ninka gudunka sau biyu, sai ka ninka ƙarfinka sau takwas.

Mai yin mita 2,000 cikin minti 9 yana fitar da kimanin wat 142. Mai yin minti 8 yana fitar da wat 203. Mai yin minti 7 kuwa sai ya kai wat 302. Dunkley-Smith ya riƙe kusan wat 590 daga farko har ƙarshe. Ku lura da yadda tsanin yake ƙara tsayi: minti na farko da za ka rage wat 60 zai ci maka, na biyu kusan wat 100.

Wannan ne ya sa sabon shiga yake jin daɗi a watanninsa na farko, lokacinsa yana ta sauka, daga nan sai abin ya tsaya cak. Ya ƙara ja da ƙarfi, ya ƙara sauri, ya sauka yana haki, lambar tana nan inda take. Ni ma haka ta faru da ni. Ranar da na fara hawa wata da na tarar a lungun wani ɗakin motsa jiki, ƙura duk ta rufe ta, sai na tura makunnin iskar da ke gefen fankar zuwa lamba 10, don a tunanina nan ne wurin maza. Na riƙa fizgar mariƙin da damtse kamar mai jan guga. Ban kai mita 1,200 ba na sauka, na kwana biyu ina tafiya da hannu a ƙugu.

Matsalar ita ce na'urar ba ta ce mini komai ba. Na yi kuskure a kowane ja, ta karɓa, ta ba ni lamba. A tseren minti 8 mutum yana ja kusan sau 240. Ƙaramin kuskure sau 240 ya zama babban asara, kuma babu mai gaya maka.

Abin da ruwa ke hukuntawa

Ja guda yana da tsari. Ƙafafu ke farawa, su tura. Idan sun kusa miƙewa sai baya ya buɗe, a ƙarshe hannuwa su ƙarasa. Wajen komawa kuma a juya tsarin: hannuwa su fita, jiki ya sunkuya daga ƙugu, sannan gwiwoyi su lanƙwashe. Masu horarwa kan ce kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa, hannuwa su ne masu ƙaramin kaso. Kowa yana iya haddace wannan cikin minti ɗaya. Sa jiki ya bi shi ne aikin, kuma a nan ne kwale-kwalen mutum ɗaya ya fi kowane malami.

Ɗauki batun gaggawar komawa gaba. A kan na'ura, idan ka gama ja ka rugo gaba a guje a kan kujerar, ba abin da zai faru, domin ƙafafun na'urar a kafe suke a ƙasa. A kan ruwa kuwa, ku tuna lissafin ɗazu. Kai kilo 70 ne, jirgi kilo 14. Idan ka rugo, sai ka taka birki da ƙafafunka a ƙarshen tafiyar, wannan takun kuma jirgin yake turawa baya, daidai da dokar Newton ta uku da kuke karantawa a aji. Za ka ji jirgin ya yi turjiya a ƙarƙashinka, ka ji ƙarar ruwan da ke bin gefensa ta ɗauke. Bayan ka ji haka sau ɗari, jikinka da kansa zai koyi komawa a natse, lokacin komawar ya kai kusan ninki biyu na lokacin jan. Idan ka dawo kan na'ura da wannan ɗabi'ar, ka samu hutu a cikin kowane ja, hutun da a da kake zubarwa.

Sai batun kamu, wato lokacin da filafilai ke shiga ruwa. Idan ka tura ƙafa kafin filafilin ya kama ruwa, kujera za ta tafi, jirgi bai tafi ba. Idan ka fara da hannu, filafilin zai yagi ruwa ya bar kumfa kawai. Idan ka nutsar da shi fiye da kima ko ka makara wajen fitar da shi, ruwa ya riƙe shi, mariƙin ya doke ka a ciki, sau da yawa ma ka tsinci kanka a cikin tafki. Mutum ba ya buƙatar a maimaita masa wannan darasi da yawa. Abin da yake koya shi ne ya rataya nauyinsa a kan mariƙi, hannuwa a miƙe kamar igiya, ƙafafu su yi aikin. Wannan ratayar ita ce ainihin abin da ke juya fankar na'ura da ƙarfi tun daga farkon ja.

Akwai kuma daidaito. Da filafili biyu, idan hannun dama ya fi na hagu ƙarfi, jirgi zai karkace ya bar hanya. Idan hannu ɗaya ya ɗaga ko da ɗan yatsa ne, jirgi ya kwanta gefe. Mariƙan biyu ma sai sun haɗu a tsakiya, na hagu yana ɗan saman na dama, in ba haka ba ka ƙuje bayan hannunka. Mai damƙe mariƙi da ƙarfi ba ya iya juya filafili. Don haka ruwa yana tilasta maka ka saki kafaɗa, ka sassauta yatsu, ka zauna a tsakiyar kujera. Duk tsokar da ka ɗaure ba gaira ba dalili tana cin iskar da ƙafafunka ke buƙata.

Ni a ganina babbar fa'idar ma ba a salo take ba, a tsawon lokaci take. Tseren mita 2,000 kama da gudun ƙarfi yake, amma sama da kashi 70 cikin 100 na kuzarinsa daga aikin zuciya da huhu yake zuwa. Wannan kuwa ba a gina shi da fizga. Ana gina shi ne da doguwar tafiya a hankali, ja 18 zuwa 22 a minti, na tsawon awa guda ko fiye, a yanayin da mutum zai iya magana ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba. Wasu masu bincike biyu, Fiskerstrand da Seiler, sun bi diddigin atisayen gwanayen matuƙan ƙasar Norwe daga 1970 zuwa 2001. Sun gano cewa a tsawon shekarun nan an ƙara yawan atisaye mai sauƙi daga kimanin awa 30 zuwa awa 50 a wata, an rage mai tsanani sosai, kuma 'yan wasan ƙara ƙarfi suka yi.

To zaman awa guda a kan na'ura, kana kallon bango da lambobi, azaba ce. Yawancin mutane ba sa jurewa, sai su gajarta, ko su ƙara wuta don a gama da wuri, manufar atisayen ta lalace. A kan ruwa awa guda wucewa take yi ba ka sani ba. Hankalinka yana kan filafilai, yana kan waiwaye don kada ka yi karo, yana kan iska da igiyar ruwa. Ka sauka ka ga ka yi kilomita 10 ko 12.

Kada a yi zaton ruwa magani ne na komai. Sabon mai koyo yakan yi makonni ba ya iya sa ko rabin ƙarfinsa a jirgi saboda tsoron kifewa. Idan ya watsar da na'ura a wannan lokacin, zai dawo ya tarar lokacinsa ya ƙaru maimakon ya ragu. Sannan zafin da ake ji daga mita 1,200 zuwa 1,700, lokacin da cinyoyi ke ci kamar an zuba barkono, allon kuma yana nuna maka kowace daƙiƙar da ka sassauta, wannan sai a kan na'urar ake sabawa da shi. Shi ya sa ƙungiyoyi ke haɗa biyun: doguwar tafiya da gyaran salo a ruwa, gajerun zagaye masu tsanani da gwaji a na'ura.

Kuma ba kullum ne gwanin na'ura ke zama gwanin ruwa ba. Ƙato mai kilo 110 zai iya doke siriri mai kilo 70 a allo, amma a tafki jirginsa zai ƙara nutsewa, ruwa ya ƙara riƙe shi. Matuƙa suna da wata magana da suke yi wa irin waɗannan shaguɓe da ita, wai na'ura ba ta yawo a kan ruwa. Wanda ya haɗa biyun shi ne abin tsoro. Oliver Zeidler na Jamus ɗan ninkaya ne da ya koma tuƙi a 2016. Ya zo da zuciya da huhun da ninkaya ta gina masa, ya koyi sarrafa jirgi, ya zama zakaran duniya a 2019, ya kuma ci zinare a Olamfik ta Faris a 2024.

Mu da ba mu da jirgin fa?

Na san mafi yawanku ba ku taɓa ganin irin wannan jirgi ido da ido ba. Shi ma Issaka bai taso ya gan shi a kogin Kwara ba. Lokacin da ya fito a Landan, Steve Redgrave, Baturen Ingila da ya ci zinare a gasar Olamfik biyar a jere, ya nuna rashin gamsuwa da ba shi gurbin, yana ganin akwai waɗanda suka fi shi cancanta. Yana da hujjarsa, amma ni ina ganin ƙasar da ba a taɓa buɗe wa ƙofa ba, ba za ta taɓa fitar da gwani ba. Najeriya ma sai a 2016 ta fara shiga wannan fanni a Olamfik, inda Chierika Ukogu, wadda aka haifa a Amurka ta kuma yi tuƙi a Jami'ar Stanford, ta ɗage karatun likitanci ta nemi tallafin jama'a ta je Rio. Bayanta Esther Toko ta wakilci ƙasar a Tokyo. Dukkansu a jirgin mutum ɗaya mai filafili biyu suka fafata.

Gargaɗi ɗaya kafin na ci gaba, kuma da gaske nake. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ari kwale-kwalen masunta ya shiga dam ko kogi da sunan atisaye. Ƙungiyoyin wannan wasa ba sa barin sabon shiga ya hau jirgi shi kaɗai sai ya nuna ya iya ninkaya, an kuma koya masa abin da zai yi idan ya kife, ga mai horarwa yana biye da shi a jirgi mai inji. Mun ji labarin haɗurran jiragen ruwa a Neja da Kebbi da Sakkwato fiye da yadda muke so. Ba ninkaya, ba rigar kariya daga nutsewa, ba babba a kusa, to ba shiga.

Amma idan Allah Ya haɗa ka da na'urar, a makaranta ko a ɗakin motsa jiki, kana iya aro wa kanka hukuncin ruwa. Sauke makunnin iskar zuwa tsakanin 3 da 5, nan ne matuƙan gaske suke ajiye shi, domin nan ne nauyin jan ya fi kama da na jirgi mai gudu. Lamba 10 ba ƙarin maki take bayarwa ba, kamar babbar giyar keke ce a kan hawa. Kwance maɗaurin ƙafarka ka yi tuƙi a haka. Idan kana jefa bayanka fiye da kima a ƙarshen ja, ko kana jawo kanka gaba da yatsun ƙafa, za ka ji kana neman zamewa daga kujera, kuma wannan shi ne mafi kusa da kifewa da za ka samu a tudu. Ka sa ido a kan sarƙar: ta fita a miƙe ta koma a miƙe, kada ta riƙa tsalle tana dukan bakin ramin. Ka sa aboki ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe, ka kwatanta da bidiyon tseren ƙarshe na maza a Rio 2016, wanda Drysdale da Damir Martin na Kuroshiya suka iso a lokaci ɗaya, minti 6 da daƙiƙa 41.34, sai da aka duba hoto kafin a ba Drysdale. Ka kalli yadda kafaɗunsu suke a sake duk da irin wahalar da suke sha.

Ni da na koma, minti 20 na riƙa yi a kan ja 20 a minti, sau uku a mako, ina rubuta mitocin da na samu a bayan littafin darasina. Ban sake gwada mita 2,000 ba sai bayan mako shida. Na kammala a wannan karon, na kuma taka da ƙafata na koma ɗaki ba tare da na dafa ƙugu ba.